Tsaga a Sakatar Sarkin Baka

Hamma maƙeri ya ɗora sakatar bindigar a kan uwar maƙera, ya ɗauki magagari, ya sake ajiyewa. Sakata dai ita ce ƙarfen nan da ake ja baya a tura gaba kafin harsashi ya hau. Wannan kuwa lafiyarta ƙalau, sumul kamar ƙwai. Amma mai ita ya kafe sai an yi mata tsagogi dogaye, daga kai har gindi.

Mai ita Ɗanmusa ne, Sarkin Bakan Illo, shugaban maharba, tsohon soja, abokin Hamma tun suna kamun fara.

"Sarki, wa ya ba ka wagga shawara?"

"Can Dahome na ji ana yi. Ƙarfe shi rage nauyi, laka ta samu wurin kwanciya."

"Tsatsa ma ta samu wurin kwanciya. Ka taɓa jin an ramar da abu ya ƙara ƙwari?"

"Kai da ka yi teɓa, wane ƙwari ka ƙara? Goga mini, Hamma."

Hamsatu, matar Ɗanmusa, tana bakin rumfa tana dariya, mundayenta na kacau-kacau. Tun bara ba a ganin ɗaya sai da ɗaya. Ita a gaba, shi a baya, har 'yan kasuwa na cewa Sarkin Baka ya koma sabon ango.

Hamma ya goga. Yana aiki yana mita: yashi zai shige tsagar, sakata za ta cije, kuma bindigar da ta je yaƙin Bama ta dawo ba ta bukatar kwalliya. Duk da haka ya yi abin da kyau, don hannunsa bai iya mugun aiki ba. Da ya gama, Ɗanmusa ya bi kowace tsaga da babban yatsa, a hankali, yadda masanan ƙarfe ke yi. Ya ce madalla.

Abin da ya sa Hamma mita ba ƙarami ba ne. Ranar mulkin kai ta matso, gero ya nuna, gari sai shara ake da shafe. Hakimi ya ce idan sabuwar tuta ta hau, Sarkin Baka ne zai fara harbi, sauran maharba su bi. Ga kuma Ɗanliti, maharbi mai jini a jika, yana yawo majalisa-majalisa yana cewa Sarki ya daina shiga daji, hannu ya tsufa. In bindiga ta ƙi tashi a gaban jama'a, ai sarauta ta san inda za ta koma.

Ranar ta zo da rana mai taushi. Mutanen Kende da Zagga suka cika fili, masunta suka baro jiragensu a bakin Kogin Kwara, har 'yan tsallaken iyaka sun zo kallon yadda maƙwabta za su yi nasu.

Maharba suka fara zuwa gaisuwa. A al'ada ba a shiga gaban Hakimi da makami, don haka aka jingine bindigogi a bangon zaure, dogarai suka jera su yadda suka ga dama. Na tsofaffin soja duk kamarsu ɗaya, kai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Kowace kuma da asirin mai ita, shi ya sa ɗaukar bindigar wani, ko da kuskure, abin kunya ne da ba ya wankuwa.

Da aka fito, kowa ya ja baya don Sarki ya fara ɗauka. Ɗanmusa ya bi layin yana shafa kowace bindiga yana mata kirari, wannan ya ce ta sha mai, waccan ya ce mai ita rago ne. Aka yi ta dariya. Ya zo kan tasa, yatsansa ya bi tsagar, ya saɓa.

"Baba Sarki, yau kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?" in ji Ɗanliti.

"Toshe kunnenka, yaro."

Makaɗa suka yi shiru. 'Yan makaranta suka ja igiya, tuta ta fara hawa. Hamsatu ta rangaɗa guɗa tun kafin sauran mata, Ɗanmusa ya ɗaga baki sama, ya ja sakata.

Ta cije.

Hamma ya gane nan take. Yashin bangon zaure ne, abin da ya faɗa tun farko. Ɗanliti har ya gyara tsayuwa. Ɗanmusa ko sunkuyawa bai yi ba. Ya bi tsagar da farce, ya hura, ya daki ƙarfen da tafin hannu. Sakata ta zame, ta koma mazauninta.

Ƙarar ta tashi balbelu daga fadama. Sauran bindigogi suka amsa, hayaƙi ya rufe fili, ganguna suka ɓarke. Ɗanliti da kansa ya zo ya durƙusa ya ce Sarki ya yafe wa baki. Hamma kuwa ya bi taro yana gaya wa kowa cewa tsagar nan tun asali shawararsa ce.

Da la'asar Ɗanmusa da Hamsatu suka kama hanyar gida ta cikin gonaki, ita a gaba, shi a baya. Iska na kaɗa zangarniya, kiɗan gari na raguwa. Sai da sawun mutane ya ɗauke sannan Ɗanmusa ya miƙa hannu ya dafa kafaɗarta.

"Hamsatu," ya ce a hankali, "tutar ga da na yi wa harbi, wane launi gare ta?"

Rabonsa da ganin ko tafin hannunsa tun daminar bara.