Guguwar Duniyar Wata

"An sace tukunyar iskar numfashi ta ɗakin yarana!" wata mai ɗinki ta faɗa wa sajan 'yan sanda.

"Kwantar da hankalinki, baiwar Allah," in ji shi. "Nan duniyar wata ce. Babu iska a waje, babu ruwan sama. Sawun ɓarawo ba ya gogewa har abada."

Suka sa rigunan fita waje, suka bi sawun cikin ƙura. Sawun ya wuce kasuwa, ya tsaya cak a ƙofar gidan shugaban 'yan sanda.

Sajan ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya aika a kawo masa tsintsiya.

Washegari aka sanar a rediyo cewa an rufe bincike: guguwa ta farko a tarihin duniyar wata ta share sawun.