Keken da Aka Naɗe da Tef

Tunda ka ce likita ya sa ka sayi keke, zauna in ba ka wani misali. Sunan garin ya kwanta mini, haka sunan mutumin, don yawon da na yi ya fi ƙarfin kaina, garuruwa sun soma haɗe mini. Na dai san akwai kwazazzabo a gabas da garin, kuma mutumin dillalin hatsi ne, mai jiki, mai faɗa a ji a majalisar da ke bakin kasuwa. Ciwon suga ya kama shi, tafin ƙafarsa ya fara yi masa kamar yana taka auduga. Likita ya ce masa magani kaɗai ba zai riƙe ƙafar ba, sai ya riƙa motsa jiki har gumi ya karyo, ya ce ya nemi keke mai ƙwari ya riƙa bin burtali zuwa gonarsa kullum da safe. Maganar ƙafar ta tsorata shi, amma akwai abin da ya fi ba shi tsoro. A garinsu, idan aka ga mai mota ya koma keke, ba a tambayarsa dalili, sai dai a sunkuyar da kai a ce Allah ya rufa asiri, wane ya karye. Shi kuwa dillali amanar mutane ce jarinsa. Da wannan tunani ya shiga rumfar masu kekunan gwanjo.

Kekuna biyu ne suka yi daidai da aljihunsa. Ɗaya baƙi ne, fentinsa ya koɗe, tayoyinsa masu kauri da haƙora, ƙarfensa tsirara, ko ina ka duba ka ga abin da za ka saya. Da ya ɗaga shi ya sake, sai ya faɗi da nauyi ba tare da wani ƙara ba. Amma irinsa ne masu itace da 'yan garuwa ke turawa. Ɗayan kuwa an naɗe shi tun daga wuya har gindin sirdi da tef ja da ruwan ɗorawa, kamar yadda samari ke yi wa kekunansu ado, ga madubi biyu, ga ƙararrawa mai murya. Duk wanda ya gan ka a kansa ya san nishaɗi ya fito da kai. Mutumin nan fa bai taɓa sayen buhun gero bai soka ƙarfe ya ga abin da ke cikinsa ba, ko da na ɗan'uwansa ne. Ya shafa keken mai adon, babban yatsansa ya ji wani tudu a ƙarƙashin tef, daidai inda ƙarfen tsakiya ya haɗu da wuya. Ya sa farce zai ɗaga bakin tef ɗin, sai mai rumfa ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, kai ma da tone-tone kamar mai sayen kaza? Bar wa talakawa wannan mana." Akwai mutane a rumfar, wasu sun san shi. Ya janye hannunsa ya sa a aljihu, ya ce a kai masa gida.

Ya yi 'yan makonni yana hawa, kuma gaskiya jikinsa ya fara sakewa, barci ya dawo masa. Idan ya bi ta gaban majalisa sai ya kaɗa ƙararrawa, a ce, "Sai Alhaji, ango na keke!" ya ɗaga hannu yana murmushi. Wani lokaci idan taya ta hau dutse yakan ji wani ɗan kuka daga wuyan keken, sai ya ce a ransa madubi ne ya yi sako-sako. Ran da abin zai faru, ruwa ya kwana biyu da sauka, burtali ya zaizaye, marmara ta fito. Ya gangaro kwazazzabon nan da nauyinsa duka, ya matse birki, keken ya rabu biyu a hannunsa. Tsohuwar karaya ce aka like da walda, aka rufe ta da ado. Ƙarfen da ya ɓalle ya shige masa ƙwauri, ƙashi ya tsage. Wasu mata masu tallar nono suka tsince shi, kan keken yana hannunsa bai saki ba. Mai ɗori ya yi nasa, ƙashi ya so ya kama, amma mai suga ba ya wasa da rauni. Ciwon ya ƙi rufewa, ya zama gyambo, ya yi ta cin nama yana hawa sama. A nan labarin ya tsaya a bakin wanda ya ba ni shi, na kuma daɗe ban san ƙarshensa ba.

Daga baya tafiya ta sake bi da ni ta garin, wannan kam ban manta ba don da idona na gani. Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci. Sai ga dillalin nan, an yanke masa ƙafar daga gwiwa. Ƙaninsa na tura shi a keken guragu, suka bi ta gaban majalisar, mutanen suka sunkuyar da kai suna cewa Allah ya rufa asiri. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.