Kwanon da Aka Rufe da Faifai

Malamarmu ta Islamiyyar matan aure ce ta ba mu wannan misali. Ta ce akwai wata tsohuwa mai ciwon suga, ba ta da kowa sai Allah. Ƙaramar hukuma ta sa wani ma'aikacin asibiti yana zuwa yi mata allura kowace safiya, ƙungiyar matan unguwa kuma ta ɗauki nauyin cinta. Ita allurar nan sai da abinci a ciki, in ba haka ba ta kayar da mutum. Shi mai allura ya san wannan, matan ba su sani ba. Abu ɗaya aka taɓa faɗa musu: kada a kuskura a ba ta zaƙi.

Da damuna ta kankama, matan suka koma fita gona da sassafe, suka mai da kai abinci bayan azahar. Sun gaya wa mai unguwa, ya ce zai sanar da asibiti, sabgogi suka sha kansa. Ran nan mai allura ya zo a gaggauce, ya ce, "Iya, an karya?" Ta ce, "Alhamdulillahi." Ya ga kwano rufe da faifai, ya yi allurarsa ya hau babur. Ashe ba komai a kwanon. Rufewa take yi don kada baƙo ya ga rashinta, ita da ta ciyar da mutane a zamaninta.

Matar da ta kawo tuwo ta tarar da ita a ƙasa, zufa sharkaf, jiki na rawa, baki ba magana. Ga tallar alewa a ƙofar gida, ga zuma a kwalba a kan taga. Wata maƙwabciya ta miƙa hannu ga zumar, mai tuwo ta riƙe ta, ta ce an hana. Suka yi ta yi mata fifita, aka tura neman mai allura, yana can wani ƙauye bayan rafi. Da ya iso, zumar nan ya fara lakata ya shafa mata cikin kumatu. Ta farfaɗo, amma har ta koma ga Allah ba ta ƙara gane kowa ba.

Malama ta ce cikinsu ba mugu ko ɗaya, kowa ya yi aikinsa. Zama ne kawai ba su taɓa yi a inuwa ɗaya ba. Shi ya sa Hausawa ke cewa, rashin sani, kaza ta kwana kan dami.