Takalman Bakin Ƙofa

Marinko ya tsuguna kamar mai gyara igiyar takalminsa, ya zura hannu cikin manyan takalman da aka ajiye a ƙofar farar motar kwanan. Sanyi ƙalau. Fatar ta bushe ta yi tauri, har da yanar gizo-gizo a ciki. Ya miƙe yana murmushi.

Duk mai yawo da motar kwana a hanyar Zagreb zuwa Split ya san dabarar nan. Mace in za ta kwana ita kaɗai a filin hutawar matafiya, sai ta ajiye takalman wani ƙato a bakin ƙofa, don ɓarawo ya ɗauka da namiji a ciki. Abin da bayin Allah ba su sani ba shi ne ɓarayin ma sun daɗe da sani. A wajen Marinko, takalmi a ƙofa gayyata ce.

Shi ya koya wa ƙanensa Dujo wannan karatu. Ɗan banzan yaro, bara da rani ya fita aiki shi kaɗai bai dawo ba. Uwarsu ta ce wata yarinya ya bi zuwa Jamus. Ko sallama babu, bayan Marinko ne ya raine shi, shi ke yi masa aski, shi ke buga masa facin taya a dunduniyar takalmi in ya cinye ta. Har yau abin yana ci masa rai.

Tun da yamma ya ga matar a shagon kofi na filin, gajeriya mai furfura, tana cin burek, wani gasasshen fanke mai nama a ciki, da hannu bibbiyu. An rubuta Zdenka a jikin kofinta na ƙarfe.

"Inna, ke kaɗai a dajin Lika? Ba kya tsoro?"

"Ni kaɗai kuma? Maigidan yana ciki yana sharar barci. In ka ji minsharinsa sai ka ce tirela ce ke hawa tudu."

"To Allah ya huta gajiya."

"Kai ma haka, ɗana."

Ta yi parking can ƙarshen filin, nesa da sauran motocin kwana, bayan manyan motocin nama da injin sanyinsu ke ruri dare farai. Ko sabon shiga ba ya wannan wauta. Marinko ya ce a ransa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ƙarfe biyun dare ya dawo da wuƙa a aljihu. Ya leƙa ta gilashin gaba. Ta ɗaure ƙofar direba da ta fasinja da igiyar ɗaure kaya, daga mariƙi zuwa mariƙi, ta ja ta tam kamar yadda kowa ke yi. A kan allon gaba akwai hoton wani dattijo da baƙin ƙyalle a kusurwa, alamar ya rasu. Ga maigidan nan mai minshari.

Ya zagaya ƙofar gefe. Ko sukundireba bai fito da shi ba, yana taɓawa ta buɗe. Tsufa ke nan, a ƙulle gaba a manta gefe.

Ya shiga a hankali. A kan gado mutum ne lulluɓe da bargo. Ya danne da gwiwa ya ɗora wuƙa inda wuya ya kamata ya kasance, sai gwiwar ta nutse cikin matasai.

Ƙofa ta rufe a bayansa, sakata ta faɗa.

Yana juyowa matar, da ta laɓe a lungun ƙofa, ta feso masa farin garin kashe gobara, ya cika masa ido da baki. Ya kai sara a makance, ya ji wuƙar ta shiga nama, amma ko uhm ba a ce ba. Guduma ta sauka a wuyan hannunsa, ƙashi ya ce ƙaras, wuƙar ta faɗi. Ya yi tsalle gaba, ya faɗa kujerar direba ya ja mariƙi. Igiyar ta riƙe. Ya daki ƙofar da kafaɗa, ta riƙe. Ashe igiyar da ke hana na waje shiga ita ce ke hana na ciki fita.

Duka na biyu a gwiwa ya same shi. Ya kurma ihu, injinan motocin nama suka haɗiye shi. Na uku a ƙeya.

Da ya farka kumatunsa na kan daɓen motar, jini mai ɗumi yana bin kunnensa, ƙafafunsa ba sa jin kira. Zdenka tana naɗe damtsenta da tawul, tana ja da haƙori.

"Inna... don Allah..."

"Haka shi ma ya ce muku," ta nuna hoton da haɓa. "A irin wannan filin, shekara huɗu ke nan. Saboda agogo."

"Wallahi ba ni ba ne."

"Oho. Duk haka kuke cewa."

Ta zare sakata, ta miƙa hannu waje ta ɗauko manyan takalman ta yar da su a gaban fuskarsa. Sannan ta durƙusa da kyar, irin durƙuson mai ciwon gwiwa, ta fara kwance igiyar nasa takalman.

"Waɗancan sun tsufa," ta ce. "Shekara guda suna yi mini aiki."

A cikin tsofaffin da ta yar, na hagun ya faɗi a gicciye, dunduniyarsa dab da idon Marinko. Kafin duhu ya rufe shi ya ga facin taya a jiki, da ƙusoshi uku a karkace, yadda shi da kansa ya buga wa Dujo su.