Turken Tasha

"Wa ya ce ka tumɓuke shi?"

Tsohon ya fizge turken ƙarfen daga hannun ɗansa. Da ƙuruciya shi ke ɗura wa jirgin ƙasa gawayi, daga Ƙauran Namoda har Zariya, wuta na gasa masa ƙirji. Da ya komo garinsu Dumega, masu awon hanyar jirgi suka kafa turken nan a tsakiyar gonarsa, suka ce nan tasha za ta zauna. Tun ranar ya hana hauya taɓa wurin, shekara da shekaru ba tasha ba jirgi. Gari ya laƙaba masa Sarkin Tasha, ana faɗi ana dariya.

"Baba, ruwa ya sauka, rumbu wayam," in ji ɗan. "Jikokinka hayaƙi za su ci?"

Tsohon ya ɗaga ƙarfen sama. Ɗan ya kare kansa da hannu.

Sai tsohon ya wuce shi fuu, bai tsaya ba sai maƙera. Ya cusa turken cikin garwashi.

"Ƙera mini hauya," ya ce wa maƙeri. "Wutar kau bar mini ita. Na daɗe ina jiran in ɗura ma wanga jirgi gawayi."