Jimla Ɗaya a Bakin Koci Ashiru

Sau biyu ta tsaya a kan matakala kafin ta kai ofishin Koci Ashiru da ke saman wani shagon ɗinki a Gyadi-Gyadi. Rabonta da barcin kirki tun shekaranjiya, ƙafafunta kuwa sun kumbura har takalmin ya matse ta.

Koci Ashiru bai taɓa horar da ɗan ƙwallo ko ɗaya ba. Rayuwar mutane yake horarwa, kamar yadda allon ƙofarsa ya nuna: shawara kan aure, sana'a da kwanciyar hankali. Daga Tarauni har Hotoro da wuya ka shiga adaidaita sahu ba ka ji muryarsa a wayar wani ba. Ta yi zaton za ta tarar da mayaudari mai zaƙin baki. Sai ta tarar da magidanci mai fara'a, wanda ya miƙe da kansa ya zuba mata ruwan sanyi. Wannan ya ƙara mata gajiya.

Ta zauna, ta kife wayarta a kan tebur, ta zaro ambulan ɗin magani daga jaka ta tura gabansa. Ya ɗaga ya karanta sunan da ke jiki.

"Malama Husaina Lawan. To, ina saurare."

Jimla ɗaya ta kawo ta. So take ta ji ya ce da bakinsa a ci gaba da shan maganin nan. In ya faɗa, za ta yi godiya ta tashi, kuma ta san maganin zai shiga ciki yau. In bai faɗa ba, ba ta san inda za ta nufa ba.

Ta jero masa komai daki-daki, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Shekara uku ke nan da fara ciwon: rashin barci, magana ita kaɗai, muryoyin da babu mai jin su sai ita. An je asibiti, an ɗora magani, muryoyin suka yi shiru. Amma maganin yana kashe jiki, yana sa ƙiba, ga kishiyoyin sauri a unguwa da ke nuna mutum da baki. Ga yara biyu, ƙaramar ba ta daɗe da yaye ba.

Mutumin ya iya sauraro, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Minti arba'in bai duba agogo ba, bai taɓa waya ba, bai katse ta ba. Da ta yi shiru sai ya jira. Ta tuno rabon da wani ya zauna ya saurare ta haka, ta kasa tunawa, har idonta ya kawo ruwa ba da niyya ba.

"Likitan da ya rubuta wannan," in ji shi a hankali, "minti nawa yake ba ki?"

"Biyar," ta ce. "Wani lokacin ba sa cika ba. Layin yana da tsawo."

Ba ta yi ƙarya ba, shi ya sa maganar ta yi mata zafi.

Ya girgiza kai cike da tausayi. Ya ce mutum ba inji ba ne da za a ɗiga masa mai a sallame shi. Ya ce ta tashi da asuba ta rubuta abu uku da take gode wa Allah a kansu, ta riƙa tattaki, ta rage zama da masu karya mata gwiwa. Duk ta yarda, babu wanda za ta musa a ciki. Ta gyara zama, ta ɗan matso da wayar kusa da shi.

"Maganin fa, Koci? A ci gaba da sha?"

Bai yi ko jim ba. Da a ce ya ɗan yi shiru, ko ya ce wannan ba fagensa ba ne a koma wa likita, da ta yafe masa komai. Sai ya ture ambulan ɗin gefe da bayan hannu, kamar mai kore ƙuda.

"Ki gwada sati uku babu shi. Ƙarfin yana cikinki, Malama Husaina. Ban taɓa gaya wa wani haka ya dawo ya ce ya yi nadama ba."

Ta so ta ce masa waɗanda suka yi nadamar ba nan ake kai su ba. Ta sake tambaya, ta sauya kalmomin, ta ce ko da rabin ƙwaya ne. Ya yi murmushi ya maimaita, da zuciya ɗaya, ba mugunta ko kaɗan a fuskarsa. Ta ɗauki wayarta da maganin ta sauko.

A cikin adaidaita ta jingina kai da ƙarfe ta rufe ido. Haushinsa take ji, tana jin na kanta, ta rasa wanne ya fi yawa. Da suka iso asibiti ta wuce masu jiran kati ba ta tsaya ba, ta bi doguwar baranda har ɗakin mata na ƙarshe, wanda ake kulle ƙofarsa.

Sista Blessing, nas ɗin da ke aiki a ɗakin, ta buɗe mata da sauri tana duban wayar da ke hannunta.

"Dakta Zahra'u, kin ɗauko muryar tasa a wayar? Husaina Lawan ta sake tofar da maganin, har yanzu ba ta gane 'ya'yanta. Ta ce wallahi ba za ta haɗiye ba sai ta ji Koci ya ce ta sha."