Ido Ɗaya da Ya Rage

Da ta ji za a zuba mata wani abu cikin ido, sai tsohuwar ta damƙe ƙarfen gado. Shekara goma sha huɗu ke nan da yanar ido ta rufe mata gani, tun tana tsinkar auduga a Bakori. Idon hagu, wani mai magani ya tsire shi da tsinke, idon ya mutu. Na dama kaɗai ya rage.

"Likita, mene ne abin?"

Ya ɗiga mata a tafin hannu. Ta ji sanyi da kauri, kamar yauƙin kuɓewa.

"Inna, in na matso shi ta allura sai ya tsinke kamar ruwa. Da ya shiga sai ya daskare, ya tallafe idon har in cire yanar."

"In ya ƙi daskarewa fa?"

"Zai daskare, da yardar Allah."

Ta kwanta tana salati.

Bayan kwana uku aka kwance bandeji. Ta ƙwalla ƙara, don ga mahaifiyarta da aka binne tuntuni tsaye a kanta.

"Inna, ni ce," in ji 'yarta cikin kuka. "Girma ne ya kama ni."